Gayyar Kwamfuta da Yaren da Ake Kiranta da Shi



Duk wanda ya sayi waya ƙirar Tecno ko Infinix a 'yan shekarun nan, in ya duba jikin kwalin, da wuya bai ga an rubuta "octa-core" ba. Yawancinmu adon kwali muka ɗauke shi. Alhali abin da yake nufi shi ne a cikin wayar akwai ƙananan ƙwaƙwalen lissafi guda 8, kowace tana iya yin aikinta ita kaɗai. Ashe kowannenmu ma'aikata takwas yake yawo da su a aljihu, tun daga dillalin shanu har zuwa mai sana'ar POS a bakin Kasuwar Zamani.

Ba haka abin yake a da ba. Shekaru da dama kwamfuta ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, masu ƙira kuma suna ta ƙara mata gudu shekara bayan shekara. Wajen 2004 zuwa 2005 sai hanyar ta toshe: in an ƙara gudun, na'urar sai ta ɗau zafi fiye da yadda za a iya sanyaya ta, ga uban shan wuta. Sai kamfanoni irin su Intel da AMD suka koma ƙara yawan ƙwaƙwalen a maimakon gudunsu: 2, 4, 8, har yanzu manyan kwamfutocin duniya suna da miliyoyi. Tun daga nan nauyin ya koma kan mai rubuta manhaja. In bai iya raba wa waɗannan ma'aikata aiki ba, ɗaya ne zai yi ta fama, sauran suna zaune suna kallo.

Mu da muka taso da gayya ba sai an yi mana dogon bayani ba. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san tara mutane shi ne mafi sauƙin aikin. Wa zai kama wannan kunyar, wa zai kama waccan? In an haɗu a iyaka, wa zai nome tsakanin? In mutum biyu suka gama da wuri, ina za a tura su? Gayyar da ba ta da mai tsara ta, ƙarshenta a cinye tuwo a sha fura, gona tana nan rabi da rabi.

Akwai kuma aikin da ba ya rabuwa ko da an so. A ce an kira mutum 40 yankan shinkafa a Geriyo, amma mai awo ɗaya ne, kwanonsa ɗaya. Yankan zai ƙare tun hantsi, awon kuwa sai ya ɗauki lokacin da zai ɗauka. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gene Amdahl ya fito da lissafin wannan a 1967, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar. In kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, to ko ka kawo ma'aikata miliyan, saurin da za ka samu ba zai wuce ninki 10 ba. Da ma'aikata 8, irin na wayarmu, ninki 5 ma ba zai cika ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in ba a bar shi yana jiran mai awo ba.

Wata matsalar ta fi wannan sharri, kuma mu masu riƙe da littattafan ƙungiya mun fi kowa gane ta. A ce littafin asusu yana nuna naira 50,000. Ma'aji ya karɓi 5,000 daga wani ɗan uwa, sakataren kuɗi ya karɓi 3,000 daga wani, duk a lokaci guda. Kowannensu ya leƙa littafi ya ga 50,000. Ma'aji ya rubuta 55,000. Jim kaɗan sakataren kuɗi ya zo da nasa lissafin ya rubuta 53,000 a kai. Ya kamata a ga 58,000. Babu wanda ya saci kwabo, babu wanda ya yi kuskuren tarawa, amma 5,000 ta ɓace a takarda, kuma ranar taro sai an kai ruwa rana. In aka ce to daga yau sai mai riƙe da littafi da biro kaɗai zai yi rubutu, wata rana ɗaya zai riƙe littafi yana jiran biro, ɗayan ya riƙe biro yana jiran littafi, aiki ya tsaya cik. Waɗannan cututtuka biyu su ne ke addabar duk manhajar da ke aiki da ƙwaƙwale da yawa. Munin ta farkon shi ne ba kullum take bayyana ba. Za a gwada manhaja sau dubu lafiya lau, sai ranar da ƙafa biyu suka zo daidai. A ranar 14 ga Agusta 2003 wuta ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, kuma cikin abubuwan da bincike ya gano har da irin wannan kuskure a manhajar da ya kamata ta yi wa ma'aikatan lantarki ƙararrawa. Mu nan ɗaukewar wuta ba labari ba ce, amma su can har kwamitin bincike na ƙasashen biyu aka kafa.

Wani zai ce, to ina ruwan mutanen Jimeta da wannan? Ruwanmu a ciki shi ne ruwa, na Kogin Binuwai.

Kowa a nan ya san abin da ake nufi in an ce za a buɗe Lagdo. Madatsar tana kudu da Garwa a Kamaru, an kammala ta a 1982, ita kuwa ta Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangarenmu, a ƙaramar hukumar Fufore, don ta tare rarar ruwan, har yau ba a gina ta ba. Mun ga 2012. Mun ga 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Sannan a ƙarshen watan Yulin 2025 aka kwana ana tafka ruwan sama, aka wayi gari Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate a cikin ruwa, aka rasa rayuka da dukiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A duk waɗannan lokutan tambayar da ke bakin kowa ɗaya ce: yaushe ruwan zai iso, kuma ina zai tsaya? Sa'o'i shida na gargaɗi suna iya zama bambanci tsakanin kwashe yara da buhunan hatsi da rana, da kuma hawa kan katanga da tsakar dare.

Amsar wannan tambaya lissafi ce, kuma lissafin gayya. Yadda ake hasashen yanayi shi ne a yanka sararin sama gida-gida kamar fangali a fadama. A kowane gida a lissafa zafi da iska da danshi, a ga abin da zai shiga daga maƙwabci da abin da zai fita, a matsa gaba da 'yan mintoci, a sake. Kowace ƙwaƙwalwa ana ba ta nata fangalan, kuma bayan kowane taki dole ta gaya wa maƙwabtanta abin da ya iso iyaka, kamar yadda mai ban ruwa ke buɗe wa na ƙasa da shi bakin kwata. Haka ma ake lissafin tafiyar ruwa a kogi. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara gwada wannan da hannu. Hasashen sa'o'i 6 kacal ya ci masa kimanin makonni 6. A littafin da ya fitar a 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 a wani makeken zaure, kowa da nasa yankin duniya, da shugaba a tsakiya yana daidaita saurinsu, kafin lissafi ya iya cim ma yanayi. Gayya ke nan tsantsa, tun kafin a ƙera kwamfuta.

Yau cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, wadda hedikwatarta ke Reading a Ingila, manyan kwamfutocinta kuma a Bologna ta Italiya, tana yanka duniya gida-gida mai faɗin kimanin kilomita 9. Ga duniya wannan ƙanƙani ne. Ga mu kuwa, Jimeta da cikin garin Yola duk za su iya faɗawa cikin gida ɗaya ko biyu, ta yaya za a bambance Jambutu da Karewa? In ana son a rage faɗin gidan da rabi, aikin yana ninkuwa kusan sau 8, don gidajen sun ninka sau 4, takin lokaci kuma dole a rage shi da rabi. Daga kilomita 9 zuwa kilomita 1, ninki sama da 700 ke nan. Babu wanda zai yi wa kowane lungu na duniya wannan. NiMet da NIHSA suna fitar da hasashensu na shekara, kuma yana da amfani, Google ma tana da shafin gargaɗin ambaliya da ya haɗa da Najeriya. Amma taswirar da za ta ce in kogi ya ƙaru da mita ɗaya ga layin da ruwa zai fara shiga, ga makarantar da za ta tsira, wannan aikin wanda ya san ƙasar ne, wanda kuma abin ya dame shi.

A nan maganar yare ta shigo. Yaren kwamfuta shi ne hanyar da ɗan Adam ke rubuta wa na'ura umarni. Kakan yarukan lissafi shi ne Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a IBM a 1957, kuma har gobe manyan manhajojin hasashen yanayi da shi aka rubuta mafi yawansu. Don a raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa sai aka fito da wani tsari mai suna MPI a 1994. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma wahalarsa ba ta misaltuwa. Mai rubutu ne da kansa zai faɗi wane ma'aikaci zai aika wane saƙo, ga wa, yaushe, da wanda zai tsaya ya karɓa. Kamar mai gayyar da sai ya bi kowa yana cewa "ɗaga fartanya, sauke, matsa, gaya wa na kusa da kai ka iso." In ya manta saƙo ɗaya, dubban ƙwaƙwale su tsaya suna jiran juna. A 1997 aka kawo OpenMP, wanda ya sauƙaƙa lamarin a cikin kwamfuta ɗaya. A 2007 kamfanin Nvidia ya fitar da CUDA, ya buɗe ƙofar yin lissafi da katin hoto, wanda asali don wasannin kwamfuta aka ƙera shi, yau kuma a kansa ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ake ta zancenta.

A zamanin da abin ke da matuƙar wuya ne wani ɗan Najeriya, Philip Emeagwali, ya samu kyautar Gordon Bell a 1989, saboda lissafin tafiyar ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa da ya yi a kan na'urar Connection Machine mai ƙwaƙwale 65,536. Wannan gaskiya ne kuma abin alfahari ne. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa shi ya ƙirƙiro intanet kuwa ba haka ba ne, muna roƙon 'yan uwa a daina turowa a zaurenmu. Abin da ya yi ya isa a faɗa ba tare da ƙari ba.

Matsalar da masana suka lura da ita ita ce kwamfutoci suna ta ƙara ƙarfi, amma masu iya sarrafa su 'yan tsiraru ne. Masanin ruwa ko na noma sai ya shafe shekaru yana koyon aika saƙonni tsakanin na'urori kafin ya taɓa ainihin aikinsa. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta zuba kuɗi a wani shiri da ya sa saurin mai rubutu a gaba, ba saurin na'ura kaɗai ba. Yaruka uku suka fito daga ciki: Chapel na kamfanin Cray, X10 na IBM, da Fortress na Sun. An rufe aikin Fortress a 2012. X10 ya dusashe. Chapel ne ya rayu, har ya kai fitowa ta 2.0 a 2024. Dabararsa mai sauƙin ganewa ce: in kana da aikin da za a maimaita a kan gidaje miliyan, a maimakon kalmar da ke nufin a bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ka rubuta "forall", yaren da kansa ya raba wa ƙwaƙwalen da ke akwai. Kai dai ka ce a nome gonar nan, rabon kunyoyi ba naka ba ne.

Amma duk da kyaunsa, Chapel bai ture Fortran da MPI ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Wa zai zubar da layuka miliyoyi da aka shafe shekara 30 ana gyarawa ana gwadawa, don kawai an kawo sabon yare? Yare ba kyau ke raya shi ba, masu magana da shi ne. Ko a nan Jimeta mun ga yadda Hausa ta zama yaren ciniki tsakanin Bafulatani da Babachame da ɗan Kilba da Inyamuri, ba don an zauna an zaɓe ta ba.

A ganinmu yaruka biyu ne suka fi dacewa da yaranmu. Na farko Python. Shi ne mafi sauƙin shiga, shi ke da jama'a, kuma kusan duk kayan aikin taswira da hotunan tauraron ɗan Adam suna da ƙofa ta wajensa. Rauninsa shi ne shi kansa ba shi da gudu, kuma shekaru da yawa yana da wani makulli da ke hana ƙwaƙwale da yawa aiki tare a cikin shiri ɗaya. Sai a 2024 aka fara fitar da samfurin gwaji da babu makullin. Abin da ke ceto shi shi ne manyan ayyukan yana miƙa su ga kayan da aka rubuta da C ko Fortran a ƙarƙashi. Na biyu Julia, wanda mutum huɗu suka fara a jami'ar MIT, suka bayyana shi ga duniya a 2012: Jeff Bezanson, Stefan Karpinski, Viral Shah da Alan Edelman. Abin da ya dame su shi ne masani ya rubuta tunaninsa da yare mai sauƙi, sannan a nemi wani ya sake rubuta shi da yare mai gudu. Suka nemi yare ɗaya da zai yi duka biyun. A 2017 an yi amfani da shi wajen tantance taurari a wata babbar kwamfuta a Amurka, ya wuce lissafi tiriliyan 1,000 a daƙiƙa ɗaya, matsayin da kafin nan sai tsofaffin yaruka irin su Fortran da C ke kaiwa.

Ga masu ganin duk wannan ba zai kawo abinci ba, ga WhatsApp ɗin da muke amfani da shi kullum. Uwar garkensa da Erlang aka rubuta ta, yaren da kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙira a 1986 don na'urorin tarho masu ɗaukar dubban kira a lokaci guda. Nasa salon daban ne da na hasashen yanayi, shi ƙananan ayyuka barkatai yake kiwo, ba babban aiki ɗaya yake yankawa ba, amma dangi ne. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, masu amfani da shi sun kai miliyan 450, injiniyoyinsa kuwa 32 ne.

Yanzu ga abin da ya sa muka yi wannan dogon rubutu. Kowace shekara asusun ilimi na ƙungiyarmu yana biya wa wasu yara kuɗin koyon kwamfuta, kuma kowace shekara abin da ke dawo mana shi ne takardar shaida ta Word da Excel da CorelDraw. Ba mu raina su ba. Akwai 'yan uwa da ke ciyar da iyali da shagon buga takardu, mu ma a sakatariya da su muke aiki. Amma kuɗin nan gumin mutane ne, akwai gudummawar mai tura baro a ciki, akwai ta mai tuyar awara. Shagunan buga takardu sun cika gari, wayar hannu ma tana cinye musu kasuwa. Idan uba ya ce "ɗana ya iya kwamfuta", ya kamata mu fara tambaya: yana ba ta umarni ne, ko dai yana danna abin da wasu suka rubuta?

Muna da yara a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, da Poli, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wasu ƙalilan a AUN. Wasunsu kimiyyar kwamfuta suke karantawa, wasu safiyo, wasu labarin ƙasa, wasu aikin gona. Waɗannan na baya su muka fi hange, don sabbin yarukan dominsu aka yi su. Kuma kayan aikin ba su da tsada kamar yadda ake zato. Python da Julia da Chapel duk kyauta ne. Laftof ta hannu da ake sayarwa a kasuwa mai ƙwaƙwale 4 ta isa yaro ya ga bambancin aiki da ɗaya da aiki da huɗu da idonsa, ya kuma ga inda ƙa'idar Amdahl ta tare shi. Google Colab yana ba da aron katin lissafi kyauta na ɗan lokaci ta intanet. Taswirar tudu da kwari ta ƙasa da hotunan tauraron Sentinel na Turai duk ana sauke su ba tare da biyan ko sisi ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne data da wuta, kuma su ne ya kamata asusu ya duba.

Ba mu ce lissafi zai tare kogi ba. Ba zai yashe magudanar da muka cika da leda ba, ba zai tashi gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ba, ba kuma zai maye gurbin Dasin Hausa ba. Wasu daga cikin dattawanmu sun faɗi haka, kuma sun yi gaskiya. Wasu kuma sun ce yaron da ya ƙware a wannan Legas ko Turai zai tafi. Mai yiwuwa ne. Mun gwammace ya tafi da sana'a yana aiko wa gida, da ya zauna da takardar da ba ta sayen komai.

Shawarar da sakatariya za ta gabatar wa kwamitin ilimi ita ce a ware kaso ɗaya cikin uku na kuɗin horo na bana don yaran da za su koyi Python tun daga tushe, waɗanda suka nuna ƙwazo kuma a ɗora su kan Julia, a haɗa su da 'yan uwanmu da ke karatun safiyo da labarin ƙasa. Aikin farko da za mu ba su ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Su bi unguwannin da ruwa ya shiga a 2012 da 2022 da 2025, su zauna da masu gidajen, su auna tsayin shatin ruwa a bangon da har yanzu yake nuna shi, su ɗauki wurin da GPS na waya. Duk taswirar da za a lissafa nan gaba, da waɗannan alamun za a gane ko ta faɗi gaskiya. Masunta da matuƙa kwalekwale na ƙarƙashin gada sun san halin kogin nan fiye da kowa, muna roƙon 'yan uwan da ke da alaƙa da su su yi mana iso. Wanda kuma yake da tsohuwar laftof da ke ajiye tana shan ƙura, ko da batirinta ya mutu, ya sanar da sakatariya kafin taron wata mai zuwa.